Sharhi: An rufe gadar Gaya, jama'a sun koma kogin da aka daɗe da juya wa baya

Sama da shekara biyu ke nan rabon da wata babbar motar kaya ta tsallaka gadar da ta haɗa garin Gaya na Jamhuriyar Nijar da Malanville ta Jamhuriyar Benin. Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ba da umarnin rufe iyakoki da Nijar. Benin ta bi umarnin, su kuma sojojin Nijar suka datse gadar daga nasu ɓangaren da kwantenoni. A ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, Benin ta buɗe ƙofarta, amma hukumomin Yamai suka ce tasu za ta ci gaba da zama a rufe, bisa zargin cewa akwai sojojin Faransa a arewacin Benin da ke ƙulla wa Nijar maƙarƙashiya. Gwamnatin Patrice Talon ta sha musanta zargin.

Tafiya dai ba ta tsaya ba. Motar safa da ta taso daga Yamai ko Dosso takan sauke fasinjojinta a Gaya, 'yan kabu-kabu su kai su bakin ruwa, su shiga kwale-kwale mai inji, su sauka a gaɓar Benin, wata motar ta kwashe su zuwa Parakou ko Kwatano ko Lome. Ɗalibai da 'yan ci-rani da mata 'yan kasuwa da masu zuwa neman magani duk ta nan suke bi. Masara da doya da garin rogo suna hayewa arewa, albasa da wake suna gangarawa kudu, buhu-buhu, a kan 'yan dako. Ko a watan Mayun 2024, lokacin da dangantaka ta yi tsami har Benin ta girke jami'an tsaro ta hana fiton, hanin bai ɗore ba.

Yawancin sharhin da ake yi kan wannan taƙaddama a kan gadar yake tsayawa: yaushe za a buɗe, nawa aka yi asara, wa zai fara sassautowa. Ba a cika tuna ruwan da ke ƙarƙashinta ba, alhali shi ya kafa garin, shi ya ciyar da shi ɗaruruwan shekaru kafin a kwaɓa simintin farko, kuma shi ne yanzu ya ɗauki kayan da gadar ta sauke. Abin da ya kamata ya dami mutanen Gaya shi ne kogin da suka koma wa ya sha bamban da wanda kakanninsu suka sani, kuma a cikin ƙasashe ukun da suka haɗu a wannan kusurwa babu wadda take kallon sa a matsayin dukiyar da ake kiwo. Kowacce layin iyaka take gani a cikinsa.

Kafin gada, akwai fito

Kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dandawa ke kira Isa, yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya zuba a teku a kudancin Najeriya. Kimanin kilomita 550 na wannan tafiya a cikin Nijar yake yin ta, kuma Gaya ne babban gari na ƙarshe da yake ratsawa ta gefensa kafin ya faɗa jihar Kebbi. Garin na da nisan kusan kilomita 300 daga Yamai ta mota, Kamba kuwa tafiyar ɗan lokaci ce. Nan ne inda ya fi ko'ina samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Wanda ya saba da fako da ƙayar arewa, idan ya gangaro nan ya ga mangwaro da lemo da rake da giginya, sai ya ɗauka ya riga ya bar ƙasar.

Ƙasar Dandi ake kiran yankin, kuma kalmar a harshen Songhai tana nufin gangarawa da ruwa. Tarihin baka ya nuna Kyangawa ne suka fara zama a wurin, su ne masu ƙasa da tsafinta, daga baya 'ya'yan sarautar Songhai suka gangaro suka karɓi mulki. Bayan da rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, nan gangaren kogi ne Askiya Nuhu ya janye ya ci gaba da turjiya. Hausawa daga Kabi da Arewa, Fulani makiyaya da Zabarmawa duk sun zo sun tarar, suka zauna.

Abin da ya ɗaga darajar wannan gaɓa shi ne goro. Ayarin fatake da ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zuwa Gwanja dole ya haye Kwara, kuma mashigan da ke tsakanin Illo da Gaya suna cikin waɗanda aka fi bi. Madugu ya iso da ɗaruruwan jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yada zango, a yi cinikin kuɗin fito da masu jirage da sarakunan gaɓa, a kwashe kwanaki ana hayar da mutane da dabbobi. Daga nan sai Kandi, sai Djougou, sai Salaga. Saboda wannan hanya ce harshen Dandi ya zama harshen kasuwa a Kandi da Parakou da Djougou, inda har yau ake jin sa. A kusa da Gaya kuma akwai kwarin Fogha, inda ake dafa ƙasa a fitar da gishiri. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ga aikin da idonsa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Say.

Kalmar fito ma abin dubawa ce. Asalinta hayar da mutum ko kaya a jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan, sana'a ce mai sarki da ƙa'ida. A bakin mutanen iyaka na yau, idan aka ce wane ɗan fito ne, abin da ake nufi shi ne yana tsallakar da kaya ta bayan idon jami'an duwan. Sana'ar tana nan yadda take, layin da aka ja a tsakiyarta ne ya sauya mata suna.

Layin ya zo ne da yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris ranar 14 ga Yunin 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingilishi, Gaya a hannun Faransawa. Su kuma Faransawan suka mayar da kogin iyaka tsakanin yankunansu biyu, Nijar da Dahomey. A gaɓar kudu suka raya wani gari suka sa masa sunan wani gwamnansu na Dahomey, Henri Malan, shi ne Malanville. Layin dogon da suka taso da shi daga Kwatano ya iso Parakou a 1936 ya tsaya cak, saura fiye da kilomita 300 ya kai bakin ruwa. A shekarun 1950 suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle, don gyaɗar Maraɗi da Damagaram da ta saba bin jirgin ƙasan Kano ta karkato ta Parakou a manyan motoci. Motocin sai a ɗora su a jirgin fito. A 1958 aka gina gada, a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara ta biyu a gefenta.

Arziƙin da gada ta kawo

Daga nan gari ya juya fuskarsa. Kafin juyin mulkin 2023, kaso mafi tsoka na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta tashar Kwatano suke sauka, su yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Yamai, kuma babu wata hanya sai ta kan gadar Gaya. Ma'adinin yuraniyom na Arlit ta nan yake fita. Ofishin duwan na Gaya na cikin mafi kawo wa baitulmalin ƙasar kuɗi.

Amma abin da ya gina manyan mangazun garin wani ciniki ne daban. Najeriya takan haramta shigo da wasu kaya ko ta tsauwala musu haraji, irin su gwanjo da atamfa da shinkafa. Sai ɗan kasuwa ya sauke su a Kwatano da takardar cewa Nijar za su, ya hayo da su Gaya, ya ajiye a mangaza, daga baya su sulale zuwa Kamba da sauran kasuwannin Kebbi da Sakkwato. Wannan ne ya jawo manyan 'yan kasuwa Zabarmawa da Hausawa da Inyamurai suka tare a garin, kamar yadda masanin nan Olivier Walther ya bayyana a binciken da ya yi kan kasuwannin Gaya da Malanville da Kamba. A ƙidayar 2012 ƙaramar hukumar Gaya ta haura mutum 60,000. Matashin da ya taso a garin a waɗannan shekaru bai yi mafarkin gadon jirgin kakansa ba. Burinsa ya zama mai fitar da takardun duwan, ko ɗan kamasho, ko mai canji, ko direba.

Irin wannan arziƙi yana da rauni guda: a kan bambancin dokokin ƙasashe aka gina shi, kuma wanda ya rubuta doka yana iya goge ta da safe ɗaya. An ɗanɗana hakan a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu har zuwa Disambar 2020. An sake ɗanɗanawa a 2023, wannan karon daga ɓangaren da ba a zata ba. Yanzu kayan Nijar ta Lome suke sauka, su ratso Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakiya, hanya mai tsawo da tsada da haɗari, wadda ko kusa da Gaya ba ta bi. Layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016 da alƙawarin zai zarce Gaya ya haɗe da na Parakou, yana nan kwance ciyawa na cin sa.

Ba yau aka fara ba

Masu shekaru sun san an taɓa yin irin wannan. A saman Gaya akwai wani babban tsibiri mai suna Lete, wanda Fulani makiyaya daga gaɓar Nijar da manoma daga gaɓar Dahomey suka daɗe suna amfani da shi. A 1960 aka yi arangama a kansa har aka rasa rayuka. A ƙarshen 1963 rikicin ya kai Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey daga ƙasarta, aka rufe iyaka, kayan Nijar suka maƙale a Kwatano. Sai a 1965 aka sasanta a Yamoussoukro cewa jama'ar ɓangarorin biyu su ci gaba da cin moriyar tsibirin kafin a warware maganar mallaka.

Warwarewar ta ɗauki shekara 40. A ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke cewa iyakar tana bin wuri mafi zurfi na babbar hanyar da jirage ke bi a cikin kogin. Daga cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kotun ta ce ko a kan gadojin Gaya da Malanville, iyakar tana daidai saman inda take a cikin ruwa. Ƙasashen biyu sun karɓi hukuncin ba tare da harbi ko ɗaya ba, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Sai dai hukuncin ya amsa tambayar wa ke da me. Tambayar wa zai kula da ruwan, ba a kai ta gaban kotu ba.

Jan ruwa da baƙin ruwa

Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko a watannin Agusta da Satumba take zuwa, daga ruwan saman da ya sauka a kusa. Ƙoramun Gorouol da Dargol da Sirba suna kwararo shi daga ɓangaren Burkina Faso, Mekrou da Alibori da Sota kuma daga arewacin Benin. Ruwa ne ja mai laka, yana zuwa da gaggawa. Cika ta biyu ruwan da ya sauka ne a Gini tun damina, wanda ya bazu a fadamun Masina da ke tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, rana ta shanye kaso mai yawa, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso Yamai da Gaya cikin sanyin Janairu da Fabrairu. Shi ake kira baƙin ruwa. Daga nan kogi ya yi ta ja da baya har watan Yuni.

A kan wannan jadawali aka gina rayuwar gaɓa. Kifi na bin ruwa ya shiga fadama ya yi ƙwai. Ciyawar burgu na tashi tare da ruwan, idan ya janye shanu su samu abincin rani. Manomi na bin sawun ruwan yana dasa dankali da rogo da kayan lambu.

Jadawalin ya rikice tun farin shekarun 1970 da 1980. A watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu ɗungurum a Yamai, mutane suka riƙa tsallakawa da ƙafa. Da ruwan sama ya fara dawowa, sai masana suka lura da wani abin mamaki: ƙoramun Sahel suna kawo ruwa fiye da yadda suke kawowa kafin farin, ko da ruwan saman bai kai na da ba. Dalilin a ƙasa yake. An sare dazuzzuka don gona da itacen girki, an daina barin saura ta huta, ƙasa ta yi ɓawo ta zama fako. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi, yana yagar ƙasa, yana kwaso yashi ya zube a cikin kogi. Sakamakon haka jan ruwa ya ƙara ƙarfi da saurin isowa, har a shekarun baya-bayan nan yakan zarce baƙin ruwa tsawo a Yamai. A Satumbar 2020 ma'aunin birnin ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa gani ba. Garuruwan gaɓa na yankin Gaya da na Malanville da Karimama sun sha ambaliya a 2012 da 2013. A daminar 2024 alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya.

Yashin da ya zauna a cikin kogi yana cutarwa ta fuska biyu. Da damina kwarin kogin ba ya iya ɗaukar ruwan da yake ɗauka a da, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Da bazara kuma tsibiran yashi su ɓullo a tsakiyar ruwa, zurfafan gurabun da kifi da ayu da dorina ke fakewa su cike. A kan wannan aka ƙara wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda kan lulluɓe ruwa ta hana jefa birgi, ta naɗe farfelar inji. Ledoji da ruwan kwatar Yamai da na Gaya da Malanville kansu duk a nan suke ƙarewa. Alibori da Sota kuwa ta tsakiyar gonakin audugar Benin suke ratsowa, inda ake feshin maganin ƙwari sau da yawa a kowace damina.

Masunci, makiyayi da manomin shinkafa

Duk wanda ya zauna da Sarkawa ko Kabawan da ke su a wannan yanki zai ji kuka iri ɗaya: giwan ruwa da yauni manya sun yi wuya, abin da ke shiga koma yawanci ƙananan karfasa ne da tarwaɗa. Laifin ba na yashi kaɗai ba ne. Masu su sun ƙaru, taru mai ƙananan idanu da gura suna kwashe kifi tun bai kai ya hayayyafa ba, kuma ikon sarkin ruwa na cewa an rufe wannan gurbi sai wata kaza ya yi rauni. Dokar su ta Nijar a tsakiyar kogi take ƙarewa, ta Benin ta fara daga nan, ta Najeriya na jira a gangare. Kifi bai san da wannan ba.

Shinkafa ma ta ci rabonta. Tun bayan kafa hukumar ONAHA a 1978, an killace fadamu da dama a gaɓar kogi da ganuwar ƙasa, an sa injinan jan ruwa, kamar a Tara da Gatawani. Wannan ya ba dubban iyalai damar noma sau biyu a shekara, kuma a ƙasar da ke sayen shinkafa daga Asiya ba wanda zai raina hakan. Sai dai kowace fadamar da aka killace, an rage wa kifi wurin ƙwai, an rage wa shanu burgu. Makiyayin da ya gangaro da rani ya tarar da gona a inda ubansa ya yi mashaya. Da yawa daga rigingimun manoma da makiyaya na jihar Dosso daga irin wannan suke farawa. A da, garken da ya rasa ciyawa yakan haye zuwa Benin. Yanzu dokokin kiwo na can sun tsananta, dajin W kuma da ke saman kogi ya zama mafakar 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi, waɗanda a ranar 17 ga Afrilun 2025 suka kashe sojojin Benin 54.

Akwai abin da ya yi kyau, kuma ya kamata a faɗe shi. Kurmin giginya na kwarin Dallol Mawri, wanda aka kusa ƙarar da shi da sara don azara, ya farfaɗo ne bayan da aka bai wa ƙauyuka hannu a kula da shi da kuma rabon kuɗin da yake kawowa. Muruci da azara da kaba suna ciyar da gidaje da dama a yau. Dausayin tsakiyar Kwara na yankin Gaya ya shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2001, Dallol Mawri ya biyo baya a 2004. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Darasin giginya a fili yake: inda mutanen wurin suka ga riba a kiyaye abu, suna kiyaye shi. Ba a gwada wannan a kan kogin kansa yadda ya kamata ba.

Ruwan da ke komawa wuta

Makomar ruwan Gaya ba a Gaya ake yanke ta ba. A Mali, madatsar Markala na karkatar da ruwa zuwa gonakin Office du Niger tun 1947, ga kuma ta Selingue. Gini na da burin gina ta Fomi. A Nijar kanta, madatsar Kandadji da ke jihar Tillaberi, wadda Shugaba Mamadou Tandja ya ƙaddamar a 2008, kamfanin Gezhouba na China ya karɓi aikinta a 2019, har yau ba ta kammala ba. An tsara za ta ba da wutar megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma tabbatar da cewa ko a tsakiyar bazara ruwan da ke wucewa ta Yamai bai gaza kubik mita 120 a kowace daƙiƙa ba. Idan haka ta tabbata, Gaya za ta huta da fargabar irin ta 1985. Amma madatsa tana daidaita cika ne, kuma cikar ce ke shayar da fadama. Manomin da ke da injin ban-ruwa zai ji daɗi, masunci da makiyayi su ne za su biya.

A gangare kuma akwai madatsar Kainji da Najeriya ta kammala a 1968. Baƙin ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gaya a watan Janairu yana cikin abin da ke juya injinanta da rani. Wutar kuma takan dawo Nijar ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, Gaya ita ma daga Kamba ake jawo mata. Jami'an Najeriya sun sha faɗin cewa ana sayar wa Nijar wuta ne don kada ta datse kogin. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi, sai a Maris ɗin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a mayar. Duk wani ɗan Nijar da ya kwana cikin duhu a waɗannan watanni ya samu hujjar goyon bayan Kandadji, kuma da wuya a ga laifinsa.

Mai na wucewa, mutum na shiga kwale-kwale

Abu guda ne ke tsallaka wannan iyaka da izinin gwamnatocin biyu, shi ne ɗanyen mai. Bututun da kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar Seme da ke gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta yankin Gaya yake ratsa kogin. An yi ta ja-in-ja a kansa a 2024, Benin ta hana lodi, ta kama wasu 'yan Nijar biyar a tashar, Nijar ta rufe famfo, tsofaffin shugabannin Benin Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka je Yamai ban-baki, daga bisani mai ya ci gaba da gudu. A ranar 13 ga Disambar 2024 aka kai wa bututun hari a yankin Gaya, Yamai ta ɗora laifin kan Lakurawa tare da zargin Najeriya da ba su mafaka, Abuja ta musanta. Ko ma wane ne ya kai harin, bututun da ya fashe kusa da dausayi ko ƙorama barazana ce ga ruwan da ƙasashe uku ke sha.

Da aka ga kuɗin mai na neman salwanta, an samu hanyar magana. A kan lafiyar fasinjan kwale-kwale ba a ji irin wannan zama ba. Kuma haɗarin sananne ne tun kafin a rufe gada. A watan Satumbar 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya cike da 'yan kasuwa zuwa Lolo da ke jihar Kebbi ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 33. A lokacin jirage kasuwannin gaɓa kawai suke yi wa hidima. Yanzu su ne ke ɗauke da zirga-zirgar babbar hanyar ƙasa da ƙasa. Tunda a hukumance iyakar a rufe take, babu gwamnatin da za ta fito fili ta ce ga adadin mutanen da jirgi zai ɗauka, ga rigar ruwa, ga matsaya mai fitila, domin yin hakan amincewa ne da cewa ana wucewa. Ana dai karɓar na goro a gaɓa biyu.

Wurin da za a iya yin wannan magana ba tare da kowa ya zubar da girmansa ba yana nan. Hukumar Raya Kogin Kwara, wadda aka fi sani da ABN, an kafa ta a 1980, hedikwatarta na Yamai, ƙasashe tara ne a cikinta, har da Nijar da Benin da Najeriya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta shafi kujerarta a can ba. A 2008 ƙasashen suka rattaba hannu kan kundin rabon ruwan kogin, wanda ya wajabta wa kowace sanar da maƙwabtanta kafin ta yi aikin da zai taɓa su. Hukumar na da ma'aunan ruwa a gaɓar kogi, tana fitar da gargaɗin ambaliya. Rajistar jiragen fito, lokacin hutun su na bai ɗaya, da dashen itatuwa a ƙoramun da ke kwaso yashi, duk suna cikin abubuwan da mahukuntan garuruwan Gaya da Malanville da shugaban ƙaramar hukumar Dandi a Kamba za su iya zama a kai ƙarƙashin inuwarta, ko da gadar na nan a datse.

Jan ruwan bana zai janye cikin Oktoba. Baƙin ruwa zai iso bayan sabuwar shekara, lokacin da fito ya fi sauƙi. Daga Afrilu tsibiran yashi za su fara ɓullowa, jirgin da ya yi lodi da yawa ya riƙa dogon kewaye yana neman zurfi, a wasu wuraren fasinja ya naɗe wando ya ƙarasa gaɓa da ƙafa.